Wai Opt Out ɗin Nan, Shiru Ma Yarda Ce?

Tun da hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta Najeriya, FCCPC, ta ci tarar Meta, kamfanin da ke da Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 a watan Yulin 2024 maganar bayanan sirri ta cika gari, kalmar opt out kuma ta shiga bakin 'yan rediyo, kowa jefo ta yake yi ko ta dace ko ba ta dace ba. Shekaranjiya ina cikin adaidaita na ji wani mai gabatar da shiri yana cewa wai opt out shi ne ka yi bulokin ɗin kamfani, sai wani ya bugo waya ya ce a'a malam, ai tura STOP ne zuwa 2442. Suka rabu a haka kowa na ganin shi ne da gaskiya.

To 2442 ɗin nan na hukumar kula da sadarwa ta NCC ne, tun 2016 aka fito da shi saboda tes ɗin talla da ke damun mutane a layukan waya, babu ruwansa da imel ɗinka. Bulokin kuwa kai ne ka rufe ƙofar gidanka, amma sunanka na nan daram a littafinsu. Opt out shi ne ka ce wa kamfanin ya cire ka daga jerin waɗanda yake tura wa talla, galibi ta wannan ɗan ƙaramin rubutun unsubscribe da suke ɓoyewa can ƙasan saƙo da launin toka don kada ka gani.

Amma ba wannan ne ke ba ni haushi ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake tallata kalmar kamar wata alfarma ce aka yi mana. Tana da 'yar uwa ai, opt in, wato sai an tambaye ka ka ce e kafin a fara turo maka. Ita opt out sai an shigar da kai tukuna sannan a ce in ba ka so ka fita da kanka. Amurka a kan wannan take tafiya, dokarsu ta CAN-SPAM ta 2003 ta bar kamfani ya turo maka talla ba tare da ya nemi izini ba, sharaɗin kawai ya ba ka hanyar fita kuma ya daina cikin kwanaki 10 na aiki. Turai sun fi tsanani, a can asali sai da izini.

Na taɓa yin wannan musun da wani abokina da ke harkar sayar da kaya a intanet, ya ce mini ai ko a addini shirun budurwa yardarta ce, tunda ba ka ce ba ka so ba ai ka yarda kenan. Na ce Alhaji tsaya, hadisin gaskiya ne amma ka karanta shi daga farko, cewa aka yi a nemi izininta, sai an je an same ta an ce wane ne yake nemanki sannan in kunya ta hana ta magana a ɗauki shirun a matsayin amsa, kuma an san yarinyar an san halinta, in ta ɓata rai ko ta fashe da kuka iyaye sun gane. Kai kuma fa, wa ka tambaya? Ka kwashi imel ɗin mutane daga takardar da suka cike a wajen wani taro, ba ka ga fuskar kowa ba, ka ce shirunsu yarda ce. Wannan ai ɗaurin aure ne amarya ba ta ma san ana yi ba. Ya yi dariya ya ce kasuwa ce.

Dokar kare bayanai ta Najeriya da Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta raba wannan gardamar, ta ce ƙarara shiru ko rashin yin komai ba yarda ba ne. Ta kuma ba ka damar janye yardarka duk lokacin da ka ga dama, kuma in ka ce ba ka son a yi amfani da bayananka wajen turo maka talla dole su daina. In sun ƙi, hukumar kare bayanai ta NDPC ake kai wa ƙorafi. Gmail da Yahoo ma tun 2024 suka sa wa masu tura saƙo da yawa sharaɗin cewa dannawa ɗaya ta isa mutum ya fita, ba sai an sa ka shigar da fasuwod ana tambayarka wai me ya sa za ka tafi ba.

Sai dai fitar ba ta goge bayananka daga wajensu, neman gogewa wani haƙƙi ne daban da sai ka nema da kanka, kuma ba ta hana alat ɗin banki ko rasit zuwa tunda su ba talla ba ne. Saƙon 'yan damfara kuwa, irin wanda ke cewa ka ci gasar da ba ka shiga ba, kada ma ka taɓa unsubscribe ɗinsa, dannawar ce ke nuna musu akwai mutum a bayan adireshin. Ka tura shi kwandon spam kawai.