Waiwaye: Iska Ba Ta Bin Da'irar Da Aka Zana A Taswira

Da safiyar 28 ga Afrilun 1986, na'urar gwajin tururin nukiliya ta yi ƙara a tashar nukiliya ta Forsmark da ke Suwidin. Aka bincika ko'ina, ba inda ke yoyo. Ashe ƙurar da ta manne a takalmin ma'aikaci daga tashar nukiliya ta Chernobyl da ke Ukraine, a Tarayyar Sobiyet ta lokacin, ta zo, tazarar fiye da kilomita 1,000, inda tukunyar nukiliya ta 4 ta fashe kwana biyu kafin nan. Iska ce ta tona abin da Tarayyar Sobiyet ba ta riga ta faɗa wa duniya ba.

Tun kafin nan an ga alama. A Oktoban 1957 gobara ta tashi a cibiyar nukiliya ta Windscale da ke Ingila, sinadarin ayodin-131 mai gubar nukiliya ya sauka kan ciyawa, shanu suka ci, dole aka zubar da madarar gonakin yankin. A 1961 masanin yanayi Frank Pasquill ya kasa yanayin iska gida shida. Da rana mai zafi iska kan hautsina hayaƙi ya tsinke. A daren da ya yi tsit kuwa, sai ya miƙe siriri, ya yi nisa da ƙarfinsa.

Chernobyl ta ƙara wani darasi: iska ke ɗauka, ruwan sama ke saukewa. Kwana 10 tukunyar na fitar da guba, iska na juyawa. Belarus ce ta fi shan wahala. Amma har tsaunukan Wales da ke Birtaniya, inda aka yi ruwa daidai lokacin da gajimaren ke wucewa, wani sinadari mai gubar nukiliya, siziyom-137, ya shiga ƙasa. Shi kuwa sai ya shekara 30 kafin rabinsa ya gushe. Ba a ɗage takunkumin sayar da tumakin can ba sai 2012.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima da ke Japan. A Maris 2011 iska ta kwashe mafi yawan burbushin gubar da ya fito daga tashar zuwa tekun Fasifik. An zana da'irar kilomita 20 kewaye da tashar, aka ce kowa ya fita. Ranar 15 ga wata iska ta juya arewa maso yamma, ga ruwa, ga ƙanƙara mai laushi. Dubban mutanen garin Namie sun gudu zuwa yankin Tsushima suna ganin sun tsira, ashe kan hanyar gubar suka yada zango, da yaransu. A lokacin gwamnatin Japan na da manhajar SPEEDI mai hasashen inda iska za ta kai ƙurar, amma sakamakonta bai isa ga masu gudun a kan lokaci ba. A ganina wannan sakaci ne babba.

Ƙauyen Iitate yana wajen da'irar, kusan kilomita 40 daga tashar. Sai ranar 22 ga Afrilu aka sa shi cikin wuraren da za a kwashe, bayan mazauna sun yi fiye da wata guda suna shaƙar iskar. Shekara shida suka yi kafin a ba yawancinsu izinin komawa gida, a ƙarshen Maris 2017.