Ma'anar Kalmar "Orijinal": Abin Da Masu Sipika Suka Ɗauka Sun Saya

Tun daga tallace-tallacen gidajen rediyon Sakkwato har zuwa rumfunan masu kayan sauti a Babbar Kasuwa, babu kalmar da ake wahalarwa a 'yan kwanakin nan kamar "orijinal", har ta kai ga 'yan siyasa ma sun ara, kowane ɓangare yana kiran kansa orijinal ɗin jam'iyya, abokin hamayyarsa kuwa jabu. Kalmar daga Turanci muka aro ta, kuma ma'anarta ta farko ita ce na asali, wato abin da ba kwaikwayo ba. Wannan kowa ya sani. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ɗora mata kayan da ba nata ba, musamman a bakin masu cinikin sipika, inda mai saye yake fahimtar cewa orijinal yana nufin an ƙera kayan a Turai, kuma mutanen da suka kafa sunan su ne har yanzu suke riƙe da shi.

Mu ɗauki Bowers & Wilkins, ɗaya daga cikin sunayen da masu kunnen sauti suke girmamawa a duniya. John Bowers ne ya kafa kamfanin a 1966 a garin Worthing na Ingila, kuma har yau a can ake haɗa manyan sipikunsa masu lamba 800, irin waɗanda ake amfani da su a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road da ke Landan. Amma ƙananan samfuransa a masana'antarsa ta Zhuhai a ƙasar Sin ake yin su, kuma orijinal ne tsantsa, domin mai sunan ne ya tsara su, ya sa hannu. Saboda haka ɗan kasuwar da ya ce wa mai saye "wannan na Chana ne, wancan orijinal" ya haɗa abubuwa biyu da ba kishiyoyin juna ba ne.

Sauran rikicin yana wajen mallaka. A 2016 wani ƙaramin kamfani na Amurka mai suna EVA Automation ya sayi Bowers & Wilkins, a 2020 ya koma hannun kamfanin kayan sauti na Sound United, sannan a 2022 Masimo, wanda sana'arsa ƙera na'urorin asibiti ce, ya sayi Sound United baki ɗaya a kan kusan dala biliyan 1. Shekara uku bayan haka, a 2025, sai ya sayar wa Harman a kan dala miliyan 350. Shi kansa Harman, mai riƙe da sunan JBL da matasanmu suke rantsuwa da shi, mallakin Samsung na Koriya ta Kudu ne tun 2017. Tambarin da ke jikin akwatin bai sauya ba ko da harafi ɗaya, alhali gidan ya sauya maigida sau huɗu cikin shekara goma.

Ya kamata Basakkwace ya fi kowa gane wannan, domin fatar jan akuyarmu ta daɗe tana ƙetare Sahara tana isa Turai da sunan fatar Maroko, kuma masu ɗaure littattafai a can sun yi ta yabon Maroko a kan aikin majemanmu. Suna daban, hannun da ya yi aiki daban.

To, me sabon maigida yake saye da waɗannan maƙudan kuɗi? A ganina, ba injina ba ne, domin injin ana samunsa ko'ina. Amanar masu kayan yake saye, wato mutumin da ya riƙe sipika shekara ashirin, wanda idan ya tashi sauyawa ba zai dubi wani suna ba, kuma zai ja ɗansa da maƙwabcinsa. Wannan riƙo kadara ce da ake sa wa farashi, kuma mai riƙon ba a shawartarsa ranar ciniki. Wani lokaci sabon maigida yakan zuba jari abin ya inganta, wani lokaci kuma yakan liƙa tambarin a kan kaya masu araha har sai ya tatse sunan, kuma duka biyun orijinal ne a idon doka.

Kamfanin Sonos, mai ƙera sipikun da ake sarrafawa da manhajar waya, ya nuna iyakar wannan amana. A 2020 ya sanar cewa tsofaffin samfuransa za su daina samun sabuntawar manhaja, a 2024 kuma ya fitar da sabuwar manhajar waya da ta rasa abubuwan da masu kayan suka saba da su, har ƙorafi ya yi yawa, shugaban kamfanin Patrick Spence ya sauka a watan Janairun 2025. Babu wanda ya sayar wa mutanen nan jabu, amma kayan da ke ɗakunansu sun ragu da amfani ba tare da ko waya ɗaya ta tsinke ba.

Shi ya sa nake ganin kwamitocin masallatanmu, da suke liƙe wa lasifikar Ahuja ko TOA shekara da shekaru, sun fi masu tutiya da manyan sunaye fahimtar lamarin. Ba su tambayar wane ne ya mallaki kamfanin a Indiya ko Japan. Tambayarsu ita ce, idan ƙurar hunturu da wutar da ke zuwa da ƙarfi suka ƙona koyil ana saura kwana biyu azumi, shin mai gyara a cikin gari yana da irinsa, kuma a kan nawa zai naɗa?