Koyar da Kafa Hujja a Darasin Rubutu na Jami'a

Koyar da kafa hujja sashe ne na darasin rubutu da ake ba ɗaliban shekarar farko a manyan makarantu, musamman a Amurka, inda jami'ar Harvard ta wajabta darasin rubutu ga sabbin shiga a 1885. Manufarsa ita ce ɗalibi ya iya ɗaukar matsaya a kan batun da ake saɓani a kansa, ya kare ta da dalili, ya kuma auna maganar wasu kafin ya karɓa.

Tushen fannin tsoho ne. Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, Aristotal na Girka ya kasa hanyoyin gamsar da mai sauraro gida uku: amincin mai magana, motsa zuciya, da ƙarfin dalili. John Dewey, masanin falsafa ɗan Amurka, ya ƙara nasa a 1910, inda ya ce tunani na gari yana farawa ne da shakka, sannan a jinkirta yanke hukunci har a bincika.

Tsarin da ya shahara a azuzuwa shi ne na masanin falsafa ɗan Ingila, Stephen Toulmin, wanda ya fitar a 1958. Ya rarraba hujja gaɓa shida, amma uku ne ƙashin bayanta: da'awa, shaida, da igiyar da ta ɗaure su. A wannan ta ukun ɗalibai suka fi tuntuɓe, domin ba a cika furta ta ba. Ɗalibi zai rubuta cewa a hana waya a aji, tunda maki ya ragu bayan an fara shiga da ita. Da'awa ta fito, shaida ma ga ta, sai dai ya ɗauka ba tare da ya faɗa ba cewa wayar ce ta jawo raguwar. Aikin malami shi ne ya sa shi ya tono wannan zato, ya duba ko zai tsaya da ƙafarsa. Wannan ya fi haddace sunayen kurakuran mandiƙi (ilimin auna dalili) amfani nesa ba kusa ba.

Akwai kuma salon da aka jingina wa masanin halayyar ɗan'adam Carl Rogers, wanda ya shigo darasin rubutu a 1970. A nan marubuci yana fara bayyana ra'ayin abokin hamayya yadda shi kansa zai yarda an yi masa adalci, kafin ya kawo nasa.

Har yanzu masana ba su daidaita ba a kan ko nazari mai zurfi ƙwarewa ce da ake koya sau ɗaya a yi aiki da ita ko'ina. Masanin falsafar ilimi John McPeck ya musa haka a 1981, yana ganin kowane fanni da irin hujjar da yake karɓa. Takwaransa Robert Ennis kuwa ya tsaya a kan cewa akwai ƙa'idojin da suka game fannoni duka.