Waiwaye: Shin Lincoln yayan Michael ne na jini?

Har yau duk inda masu kallon shirin talabijin na Prison Break suka haɗu, sai an tayar da tsohuwar gardamar nan: Lincoln Burrows da Michael Scofield uwa ɗaya uba ɗaya suke, ko Lincoln ɗan riƙo ne? Wasu sun rantse cewa Christina, mahaifiyar Michael, ƙarya ta gilla a zango na huɗu don ta raba kansu. Wasu suka ce gaskiya ta faɗa, ai ko kama ba su yi ba, ɗaya sai ƙwaƙwalwa, ɗaya sai ƙwanji. Inda ɓangarorin biyu suka haɗu shi ne wai maganar daga sama ta faɗo. Ni dai ban yarda ba, ruwa ba ya tsami banza.

Farkon labarin kowa ya san shi. A 2005 shirin ya fara a Amurka: an yanke wa Lincoln hukuncin kisa bisa zargin kashe ɗan'uwan mataimakiyar shugaban ƙasa, Michael ya yi fashi a banki da gangan don a kai shi gidan yarin Fox River, ɗauke da taswirar gidan a zanen jikinsa. Uba, Aldo, ya gudu tuntuni. Uwa kuma an ce ta rasu. Michael sunan gidan uwarsa yake amfani da shi, Lincoln na uba.

Wurin da ake tsallakewa shi ne kashi na 16 na zangon farko, inda aka koma baya kafin ɗaurin. A can Michael injiniya ne mai kwat da gida mai kyau, kuma raina yayansa yake yi. A ganinsa an raba musu kuɗin inshorar mahaifiyarsu, shi ya yi karatu da rabonsa, Lincoln ya banzatar da nasa. A daren da Lincoln ya faɗa tarko ya kira shi a waya. Michael yana tare da Veronica, tsohuwar budurwar Lincoln, ya ga kiran, ya ƙi ɗauka.

Daga baya Veronica ta fasa masa ƙwai. Babu wata inshora. Dala 90,000 ɗin da ya yi karatu da su, rance Lincoln ya ciyo, ya ɓoye masa don kada ya ƙi karɓa, kuma da wannan bashin aka ja Lincoln zuwa inda aka ɗora masa kisan. Abu biyu suka fito a nan. Abin da Michael ya sani game da mutuwar uwarsa, an riga an sa masa ƙarya a ciki tun zangon farko. Sannan abin da ya tura shi Fox River nauyin wannan bashin ne da kunyar wayar da ya ƙi ɗauka. (Masu kafa hujja da "ɗan'uwa rabin jiki" sukan manta cewa kafin ya ji labarin kuɗin, Michael ya yarda yayansa ya yi kisan.)

Daga nan ƙaryayyakin gidan suka riƙa warwarewa ɗaya bayan ɗaya. A zango na biyu Michael ya gane cewa mutumin da ya kashe mariƙin da ke kulle shi a ɗaki mai duhu yana yaro, Aldo ne. Kafin su zauna su yi doguwar magana, Mahone, jami'in FBI da ke farautarsu, ya harbe Aldo, ya tafi da abin da ya sani. Sai ga uwar da aka ce ta mutu ta bayyana da ranta, tana cewa Aldo ne ya ɗauko Lincoln ya riƙe.

Shaida ɗaya ce kawai a wannan magana, ita ce matar da ta ɓoye kanta shekara da shekaru, kuma Sara, masoyiyar Michael, ta harbe ta kafin zango na huɗu ya ƙare. Da shirin ya dawo a 2017, Lincoln ya ga hoton Michael, wanda aka ɗauka ya mutu, ya je ya tone kabarinsa, bai tarar da gawa ba, ya hau jirgi sai Yaman.