Endoskofi: me likita ke nufi idan ya ce sai an leƙa cikin mai aman jini?

Ranar da likita ya ce sai an yi wa kawuna endoskofi, matarsa salati ta sa, ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗan nan, yanka shi za su yi?" Na ce, "A'a Inna, leƙawa za su yi." Ban ga laifinta ba. Kalmar ta shiga bakin mutane a Katsina, ana jin ta a barandar asibiti da wurin dubiya, amma kowa da yadda ya ɗauke ta. Wani ya ce tiyata ce, wani ya ce sikanin ce, wasu kuma suna kiran ta "zura kamara", kuma waɗannan su suka fi kusa da gaskiya.

Asalin kalmar daga harshen Girkanci ne, guntaye biyu aka haɗa, ɗaya na nufin ciki, ɗaya na nufin dubawa. Na'urar kuwa doguwar tiyo ce mai lanƙwasuwa, kaurinta bai wuce na ƙaramin yatsa ba, a bakinta akwai fitila da kamara. Ana bi da ita ta baki, ta gangara hanyar abinci, ta shiga tumbi, ta leƙa farkon ƙaramin hanji, likita yana kallon komai a allo. Idan ta dubura aka bi don duba babban hanji, sunanta kolonoskofi. Ba a tsaga fata, ba a ɗinki. Mutum zai kwana bai ci ba, ko ya yi aƙalla awa 6 ba abinci, a fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, wani lokaci a ƙara da allurar da za ta sa shi gyangyaɗi. Idan dubawa ce kawai, minti 10 zuwa 15 an gama. Numfashi kuma hanyarsa daban, tiyon ba ya tare ta, kuma wannan shi ne tsoron da na fi ji a bakin mutane.

Dabarar ta daɗe. A 1868 wani likita a Jamus, Adolf Kussmaul, ya gwada leƙa tumbi da miƙaƙƙen bututun ƙarfe, kuma sai da ya nemo mai wasan haɗiye takobi kafin ya samu wanda zai iya jurewa. Mai lanƙwasuwar nan sai a 1957 ta samu, a hannun Basil Hirschowitz a Amurka, wanda ya fara haɗiye ta da kansa kafin ya sa wa majinyaci.

Abin da ya kai kawu asibiti shi ne abin da nake so a fi kula da shi. Manomi ne, kuma duk damina idan jiki ya yi tsami sai ya aika yaro kemis a haɗo masa maganin gajiya, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle a leda, ya kora da ruwa tun kafin ya karya. Kwana uku bayan gidansa yana fita baƙi ƙirin kamar kwalta, mai danƙo, ga wani irin wari da bai saba ji ba. Ya ce basir ne, ya sha jiƙo. Da asubar kwana na huɗu ya tsuguna zai yi alwala, jiri ya kwashe shi, ya yi amai mai kama da diddigar kofi. Na ga tafin hannunsa a mota, fari fat kamar an wanke da toka, gumi mai sanyi yana keto masa.

Baƙin bayan gidan nan jini ne. Jinin da ya zuba a tumbi, idan ya bi doguwar hanyar hanji, narkewa yake yi ya koma baƙi. Basir ja yake zubarwa, sabo, a bayan an gama. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe shi ma yana baƙanta bayan gida, amma ba ya zuwa da danƙo da jiri da bugun zuciya. Mun ɗora wa basir laifuffuka da yawa a ƙasar nan, har da waɗanda ba nasa ba, kuma da sunansa mutane suke zama a gida har jini ya ƙare.

Mafi yawan irin wannan zubar jini daga gyambon ciki ne, wato olsa, idan ya ci ya kai ga jijiya. Abu biyu ne kan gaba wajen haddasa shi: ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka gano a farkon shekarun 1980 har suka samu kyautar Nobel a 2005, da kuma magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, ibuprofen, piroxicam da asfirin. Bayan gyambo, sai dalili na biyu na zubar jinin, wanda ya fi haɗari: idan hanta ta ƙandare, jinin da ya kamata ya ratsa ta sai ya nemi wata hanya, jijiyoyin ƙasan hanyar abinci su kumbura, wata rana ɗaya ta fashe. A wajenmu ciwon hanta nau'in B ne ya fi jawo haka, sai wani nau'in tsargiya da ke kama hanji da hanta, wanda masu su da masu noman rani a bakin dam suke ɗauka daga ruwa. Akwai kuma tsagewar hanyar abinci bayan yunƙurin amai mai tsanani, akwai sankarar tumbi. Duk waɗannan aman jini ɗaya suke kawowa, amma maganinsu ya bambanta, kuma sikanin ba ya rarrabe su. Sai ido ya gani.

Ba da na'urar ake farawa ba. Mutum yana isowa za a sa masa ƙarin ruwa ta jijiya, a auna jininsa, a nemi masu bayarwa. Likitoci sukan ƙara jini idan awon himogulobin, sinadarin da ke sa jini ja, ya faɗi ƙasa da 7, wato awon yawan jini da ake kira PCV wajen 21, ko ƙasa da 8 ga mai ciwon zuciya. Kada dangi su matsa a yi ta jera leda: ga mai kumburarrun jijiyoyi, cika jini fiye da kima yana iya sake ɓalle wurin. Ana ba da allurar rage tsamin ciki irin omeprazole, idan kuma ana zargin hanta a ƙara da maganin rage matsin jijiyoyin da na kashe ƙwayoyin cuta. Sai jiki ya ɗan daidaita a shiga da na'urar, kuma abin da ake so shi ne cikin awa 24.

A nan ne kalmar "dubawa" ta gaza bayyana aikin, domin a jikin tiyon akwai siririyar kafa da ake zura kayan aiki. Idan likita ya ga jijiya tana tsiyaya a tsakiyar gyambo, zai iya yi wa gefenta allurar adirenalin, sannan ya datse ta da ɗan maƙalin ƙarfe ko ya ƙona bakinta. Idan kumburarrun jijiyoyi ne, sai ya ɗaure kowace da ƙaramar roba, bayan kwanaki ta bushe ta faɗi, a sake komawa bayan makonni har su ƙare. Yana kuma iya tsinko ɗan nama don gwaji. Wannan ya sa tiyata ta koma mataki na ƙarshe. Sai jini ya ƙi tsayawa bayan an sake gwadawa, ko gyambon ya huda tumbi, ko an samu sankara, sannan a buɗe ciki a ɗinke jijiyar ko a yanke ɓangaren da ya lalace. A manyan cibiyoyi akwai kuma toshe jijiyar ta cikin hanyar jini ba tare da fiɗa ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne nisa. Ba kowane babban asibiti ke da na'urar ba, kuma inda take ba kullum ake da mai ɗaure jijiya ba. Mutumin ƙauyen Daura ko Jibiya yakan bi asibiti biyu kafin ya iso inda za a leƙa, wani ma sai an miƙa shi Kano ko Zariya. Saboda haka duk wanda aka ba takardar turawa, ya kama hanya a ranar, ya tafi da 'yan'uwa biyu ko uku masu iya ba da jini, ya kuma kwashi duk ledojin maganin da majinyacin ke sha a nuna wa likita.

Kawu leda biyu aka ƙara masa. Da aka leƙa, gyambo ne a farkon hanji, aka datse jijiyar da maƙali biyu. Da ya farfaɗo sosai ya dube ni ya ce, "Wai har an gama?" An ba shi maganin kashe ƙwayar cutar na kwana 14, aka hana shi haɗin kemis, aka ce idan jiki ya yi tsami ya tsaya a farasitamol. Bayan wata guda da gama maganin muka koma aka gwada bayan gida, ba a ga ƙwayar ba. Hoton gyambon da aka buga masa yana nan a aljihun gaban rigarsa, duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ciro ya nuna masa inda maƙalan suke.