Yadda aka gano arewacin duniya na ƙara kore

Can ƙuryar arewa, su Alaska da Kanada da Saberiya, akwai dazuzzuka masu faɗin gaske, in ka wuce su kuma sai fili fetal da ake kira tundura, inda sanyi ya hana bishiya tashi, ƙasar ma can ƙarƙashi a daskare take shekara da shekaru. Ba mai iya bin wannan wuri da ƙafa yana auna ciyawa, dole aka koma kan tauraron ɗan'adam.

Amurka ta harba tauraron Landsat na farko mai ɗaukar hoton ƙasa a 1972, amma hotunansa saye ake da tsada, shi ya sa masu bincike suka fi dogara da na'urar AVHRR da ke kan taurarin NOAA, hukumar kula da yanayi da teku ta Amurka, tun farkon shekarun 1980. Ganye mai rai yana shanye jan haske ya mayar da wani hasken da idonmu ba ya gani, to da bambancin biyun ake gane yawan kore. Da wannan na'urar ma aka ga Sahel ɗinmu na farfaɗowa bayan farin 1984.

A 1997 wani masanin kimiyya, Ranga Myneni, da abokan aikinsa suka fitar da cewa daga 1981 zuwa 1991 tsirrai sun ƙaru a arewa. Wasu sun yi shakka, kuma da gaskiyarsu, don na'urorin na tsufa, taurarin na zamewa daga hanyarsu, ga ƙurar aman dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin a 1991 da ta zo ta dagula lissafi. Sai aka ɗauko tsofaffin hotunan jirgin sama na Alaska na wajen 1950 aka sake ɗaukar wuraren, sai ga ƙananan itatuwa sun yaɗu a gangaren tuddai da bakin koguna.

Da aka mayar da hotunan Landsat kyauta a 2008 aiki ya buɗe. Wani bincike na 2020 ya nuna daga 1985 zuwa 2016 kusan kashi 37 cikin ɗari na wuraren da aka duba a tundura sun ƙara kore, kusan kashi 5 kacal suka ragu.

Ni dai abin da ke damuna shi ne yadda ake jin kore sai a ce alhamdulillahi. Ɗumi ne ya kawo shi fa. Itatuwan nan suna danne gansakukar da barewar ƙanƙara ke ci, barewar nan ce kuma dukiyar makiyaya irin su Nenet na Yamal a arewacin Rasha, daskararriyar ƙasar na narkewa tana sakin iskar da ke ƙara zafin duniya. A wasu sassan dajin kuma bishiyoyi bushewa suke saboda fari da gobara, kamar ta Kanada a 2023 da ta ci kusan hekta miliyan 15.