Manhajojin intanet masu kare sirri: imel, kalmomin sirri da takardu

Manhajoji masu kare sirri su ne waɗanda aka tsara ta yadda kamfanin da ke gudanar da su ba zai iya karanta abin da mutum ya ajiye a wurinsa ba, sannan ya taƙaita abin da yake tarawa game da mutumin. An fi saninsu a fannin imel, da rumbunan adana kalmomin sirri, da ajiyar takardu. Kusan kowane babban kamfani yana cewa bayanan masu hulɗa da shi a kulle suke, kuma ba ƙarya ya yi ba. Inda ake rabuwa shi ne a hannun wa mabuɗin yake.

Asali

Tun a 1991 Phil Zimmermann ya fitar da PGP, manhajar kulle saƙon imel, amma wahalar sarrafa ta ta sa ba ta wuce hannun ƙwararru ba. A watan Yunin 2013 Edward Snowden, wanda ya yi wa hukumar leƙen asirin Amurka aiki, ya fallasa girman leƙen asirin da hukumomin Amurka ke yi a intanet. Bayan wata biyu Ladar Levison ya rufe kamfaninsa na imel, Lavabit, wanda Snowden ke amfani da shi, bayan da hukuma ta matsa masa ya miƙa mabuɗan da za su iya tona asirin dukkan masu asusu a wurinsa. Wannan ya nuna cewa kyakkyawar niyyar mai kamfani ba ta isa ba matuƙar mabuɗi na hannunsa. A 2014 wasu masana kimiyya da suka haɗu a cibiyar bincike ta CERN suka kafa Proton Mail a Geneva ta ƙasar Suwizalan. Kamfanin imel na Tutanota, wanda ya koma Tuta a 2023, ya riga shi, domin an kafa shi a Jamus a 2011.

Kullewa iri biyu

A tsarin da aka saba, irin na Gmail da Outlook, saƙo yana tafiya a kulle kuma ana ajiye shi a kulle, sai dai kamfanin ne ke riƙe da mabuɗi. Zai iya buɗewa don tace saƙonnin banza ko don bin umarnin kotu. Google ya daina duba saƙonnin Gmail don tsara talla a 2017, amma ikon buɗewar yana nan. A ɗaya tsarin kuwa, ana kulle saƙon ne tun a wayar mai shi ko kwamfutarsa, da mabuɗin da kalmar sirrinsa ke tsarewa, abin da ya isa wurin kamfani tarkacen haruffa ne kawai.

Imel

Nan ne alkawari ya fi rinjayar abin da ake iya cikawa, saboda ba a gina imel don sirri ba. Saƙo tsakanin masu Proton biyu, ko masu Tuta biyu, a kulle yake daga farko har ƙarshe. Idan aka aika wa mai Gmail kuwa, kwafinsa zai zauna a can yadda Google zai iya buɗewa, sai fa in an sa wa saƙon kalmar sirri ta musamman aka sanar da mai karɓa ta wata hanya daban. Ko da an kulle, adireshin mai aikawa da na mai karɓa da lokacin aikawa ba sa ɓuya, don da su ake isar da saƙon. Tuta yana kulle har kan saƙo, wato takensa, Proton kuwa, da yake yana bin ƙa'idar PGP, bai sa kan saƙo cikin wannan kullewar ba.

Kuma babu kamfanin da ya fi ƙarfin dokar ƙasarsa. A 2021 hukumomin Suwizalan suka umarci Proton ya naɗi lambar IP, wato adireshin na'ura a intanet, ta wani ɗan fafutikar kare muhalli a Faransa, ya kuma miƙa. Bai iya ba da abin da ke cikin saƙonnin ba, amma lambar kaɗai tana iya kai jami'ai ga mutum. Wanda ke gudun masu talla da masu kutse, wannan bai shafe shi sosai ba. Ɗan jarida mai kare majiyarsa kuwa dole ya haɗa da wani abu kamar Tor, manhajar da ke ɓoye lambar IP.

Rumbun kalmomin sirri

Wannan manhaja tana ƙirƙirar doguwar kalmar sirri daban ga kowane asusu, ta adana su duka a rumbu ɗaya da babbar kalmar sirri guda ke buɗewa. KeePass, wanda ya fito a 2003, fayil ne da ke zaune a na'urar mai shi, shi ke da alhakin ajiye kwafi. Bitwarden da 1Password da Proton Pass suna ajiye rumbun a kulle a sabarsu, wato kwamfutocinsu da ke intanet, don ya bayyana a kowace na'ura. Masu suka na cewa an tara ƙwai a kwando ɗaya, kuma abin da ya sami LastPass, wani irin wannan rumbu, a 2022 ya ba su hujja: masu kutse sun kwashe kwafin rumbunan jama'a. Kalmomin sirrin da ke ciki a kulle suke, amma adiresoshin shafukan ba a kulle su ba, kuma ɓarayin sun sami damar yin ta gwada babbar kalmar kowa a tsanake. Wanda tasa gajera ce ya shiga haɗari. Duk da haka rumbu ya fi maimaita kalma ɗaya a asusu da yawa aminci nesa ba kusa ba.

Takardu

CryptPad na Faransa da Proton Docs suna ba mutane damar rubuta takarda tare ba tare da kamfani ya gani ba. Nextcloud na wanda zai iya kula da sabar kansa ne. Cryptomator kuwa yana kulle fayil kafin a ɗora shi a Dropbox ko Google Drive.

Abin da ake dubawa kafin zaɓi

Masana sukan fara da tambayar ko an buɗe lambobin da aka rubuta manhajar da su kowa ya duba, da ko wani kamfanin tsaro mai zaman kansa ya bincike ta ya wallafa sakamako. Sai ƙasar da kamfanin yake: Tarayyar Turai na da dokar kare bayanan mutane ta GDPR da ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, Amurka kuma a shekarar ta yi dokar CLOUD da ke tilasta wa kamfanoninta miƙa bayanai ko da a waje aka ajiye su. Hanyar samun kuɗi ma abin lura ce, yawancin waɗannan kamfanoni da kuɗin rajista suke rayuwa, ba da talla ba.

Abin da aka fi mantawa shi ne ƙofar fita. A 2024 kamfanin Notion ya sayi Skiff, wani kamfanin imel da takardu mai kare sirri, aka rufe shi, masu asusu suka kwashe kayansu cikin 'yan watanni. Shi ya sa ake son manhajar da ke bari a fitar da bayanai cikin sauƙi, da adireshin imel a kan sunan yankin da mutum ya mallaka, wato sunan da ke bayan alamar @, wanda zai iya ƙaura da shi. Sannan tunda kamfani ba shi da mabuɗi, wanda ya manta kalmar sirrinsa ba shi da wanda zai roƙa ya buɗe masa tsofaffin bayanansa. Don haka Proton da Tuta suke ba da jerin kalmomi ko lambar ceto, wadda ake rubutawa a takarda a adana nesa da wayar.